Karen Waye? Fashin Baƙi Kan Ciwon Haukan Kare da Kula da Dabbobin Gida

Ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabcina, yaro ɗan shekara bakwai, tambayar farko da aka yi a ƙofar gida ita ce, "Karen waye?" Kowa a layin ya san karen. Ja ne mai yankakken kunne, kullum yana kwance a gindin mangwaron bakin titi. Almajirai na jefa masa ƙanzo, mai tsire na wurga masa ƙashi idan zai tashi, maigadin layi kuma da shi yake zagayen dare. Amma da aka ce karen waye, sai kowa ya yi shiru. Kafin la'asar samari sun bi shi da sanduna sun kashe, sun ja shi da igiya sun wurga a kwalbati. Uwar yaron ta goge ciwon da tsumma, ta fasa kafso ta barbaɗa garin a kai. Uban ya duba ƙafar ya ce ai ɗan ƙwarzane ne, ko jinin kirki bai fito ba.

Sai bayan magariba wani malamin asibiti da ke layin ya ji labari. Ya yi sallama da uban yaron, ya ce, "Alhaji, don girman Allah a wanke ƙafar nan da sabulu yanzu-yanzu, gobe da sassafe kuma a kai shi a fara allura. Kada a ce sai an ga yadda zai yi." Aka kai shi, aka yi masa, yaron yana nan lafiya lau. Har yau ba mu san ko karen na da ciwon hauka ba, domin wanda zai ba da amsar an jefar da shi a kwata. A wuni guda an yi kuskure uku: an jinkirta wanke ciwo, an raina shi don ƙarami ne, an kuma salwantar da karen. Akwai na huɗu da ya girme su duka, wato shekarun da karen ya yi a layin ba wanda ya taɓa kai shi rigakafi.

Wannan shi ne zaman kare a yawancin garuruwanmu. Muna amfana da shi, amma muna jin nauyin a ce namu ne. Mafarauci ba ya shiga daji sai da karnukansa, Bafulatani na barin garke a hannun kare da dare, manomi na ɗaure shi a bakin gona, a birni kuma rashin tsaro ya sa gidaje da yawa sun ajiye manyan karnukan Turawa a bayan katanga. Duk da haka, mutumin da zai kwana bai yi barci ba saboda ragonsa ya ƙi cin dusa, shi ne zai ga karensa na amai kwana uku ya ce "kare ne ai, zai warke." Wasu na jingina wannan da addini, alhali kuwa addinin ya halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma mun taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Bayanin hukunci aikin malamai ne. Abin da ya shafe ni a nan shi ne haƙƙin dabbar da ka ajiye, da kuma yadda wannan haƙƙin ya sarƙe da lafiyar 'ya'yanka.

Yadda ciwon ke tafiya a jiki

Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce ta bairos ke kawo shi, kuma a cikin yawun dabbar da ta kamu take fitowa. Idan haƙori ya huda fata, ko farce mai yawu ya yi ƙwarzane, ko kare ya lashi wurin da ke da rauni, ko yawu ya shiga ido ko baki, ƙwayar ta samu ƙofa. Abin da ya bambanta ta da yawancin cututtuka shi ne hanyar da take bi. Ba ta bin jini. Takan zauna a naman wurin cizon na ɗan lokaci, daga nan ta kama jijiyoyin nan da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi da sanyi, ta riƙa hawa a hankali har ta isa laka, ta wuce ƙwaƙwalwa. Idan ta yi ƙarfi a can sai ta gangaro zuwa inda yawu ke fitowa, don ta samu hanyar shiga wani jikin.

Wannan tafiyar a ɓoye ita ce ke yaudarar mutane. Galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, tana iya yin mako guda kacal, tana kuma iya kaiwa shekara. Tsawonta ya danganta da nisan wurin cizon daga kai da kuma yawan ƙwayar da ta shiga. Cizon fuska da wuya da yatsun hannu ya fi hatsari, domin ko dai kusa suke da ƙwaƙwalwa ko kuma jijiyoyi sun yi yawa a wurin. Shi ya sa yara suka fi shiga haɗari: gajeru ne, bakin kare daidai fuskarsu yake, su ne masu wasa da 'yan kwikwiyo, kuma sukan ɓoye ƙaramin cizo don tsoron faɗa. A duk tsawon wannan lokaci ciwon waje ya warke, yaro na zuwa makaranta, kowa ya manta.

Ranar da alamu suka bayyana, an makara. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai, da wani ƙaiƙayi ko zugi a tabon da ya daɗe da warkewa. Daga nan sai firgita, rashin barci, dalalar da yawu, da abin nan da duk wanda ya taɓa gani ba ya mantawa: mutum na fama da ƙishirwa, a miƙo masa kofi, maƙogwaronsa ya shaƙe tun kafin ruwan ya taɓa leɓe. Ko iskar mafici ta taɓa fuskarsa sai ya zabura. Sautin da maƙogwaron da ya shaƙe ke fitarwa shi ne mutane ke cewa "yana haushi kamar kare," sai a tafi wajen masu ruƙiyya ana zaton aljanu ne ko jifa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya yin wannan tashin hankalin, shanyewa kawai yake yi daga wurin cizon zuwa sama, sai a ɗauka wani ciwon ne dabam. Kowace fuska ya zo da ita, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kashi 99 cikin ɗari daga kare suka samo shi.

A jikin karen ma fuska biyu gare shi. Wanda aka fi sani shi ne mahaukacin kare mai yawo ba inda ya nufa, yana cizon itace da dutse da duk abin da ya gifta, muryarsa ta dushe, ido ya canza. Ɗaya fuskar ita ce ta fi ba ni tsoro, domin tausayi ne ke kai mutum gare ta. Kare ya yi laushi, ya laɓe a lungu, muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, yawu na zuba, ya kasa haɗiya. Mai shi zai ce ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu a baki yana lalube. Haka yake faruwa ga makiyaya da saniya ko jaki da kare ya ciza makonni da suka wuce: dabba na kuka wani iri, tana dalala, a ce wani abu ya tsaya mata a wuya. Duk dabbar da halinta ya sauya dare ɗaya, mai faɗa ta yi laƙwas ko mai sanyi ta fara kai cizo, ko naman daji irin su dila ya shigo gari da rana tsaka ba ya gudun mutane, a ja baya a kira likitan dabbobi.

Idan cizo ya riga ya faru

Magani na farko yana gidan kowa, kuma shi aka fi tsallakewa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti goma sha biyar. A duba agogo, domin minti goma sha biyar ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Idan babu famfo, ɗaya ya riƙa tsiyaya ruwa da buta, ɗaya na cuɗawa, buta ta ƙare a sake cikawa. Kowane sabulu ya yi, har na wanki. Ƙwayar tana da wani lulluɓi na maiƙo wanda sabulu ke narkarwa, ruwan kuma ya kwashe abin da ya saura. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit idan akwai. Kada a barbaɗa toka ko barkono ko garin magani, kada a ƙona gashin karen a ɗora kamar yadda wasu ke yi, kada a ɗaure da tsumma. Ko a asibiti ba a gaggawar ɗinke irin wannan ciwo sai dole, don ɗinki na iya cusa ƙwayar cikin nama.

Daga nan sai asibiti, a ranar. Allurar da ake yi wa wanda aka ciza tsere take yi da ƙwayar cutar: tana koya wa jiki ya haɗa garkuwa kafin ƙwayar ta isa ƙwaƙwalwa, kuma idan an fara da wuri aka kammala, kusan ba ta kuskure. Ba sau ɗaya ake yin ta ba. A wani tsarin ana yi a cikin fata ranar farko da rana ta 3 da ta 7. A wani kuma a cikin tsoka ake yi a waɗannan ranakun, a ƙara ta huɗu tsakanin rana ta 14 da ta 28, wasu asibitocin kuma har yanzu guda biyar suke yi. Likita ne zai zaɓa, naka shi ne kada ka tsallake rana don ka ga ciwo ya bushe. A damtse ake yin ta, ƙaramin yaro kuma a cinya. Idan aka ce za a yi a ɗuwawu ka yi magana cikin ladabi, domin kitsen wurin na rage mata ƙarfi. Cizon da ya huda fata har jini ya fito yana bukatar ƙarin wata allura mai ɗauke da garkuwar da aka riga aka haɗa, wadda ake tsirawa a cikin ciwon da kewayensa. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samun ta ba, amma rashinta ba dalili ne na fasa sauran ba. Juna biyu ko shayarwa ko ƙanƙantar jariri ba sa hana wannan allura. Wanda aka ciza makonni da suka wuce bai yi komai ba, shi ma ya je, muddin alamu ba su fara ba ana yi masa.

Wurare biyu ake yawan tuntuɓe. Na farko, a je kemis a yi allurar tetanus a dawo gida ana ganin an gama. Tetanus ciwo ne dabam, allurarsa na da amfani ga wanda kare ya ciza, amma ba ta taɓa ƙwayar hauka ko kaɗan. Na biyu, ajiya. Allurar haukan kare sai a firij, tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8, kuma mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu. Kwalbar da ta wuni a kan kanta cikin zafin Afrilu ba abin dogaro ba ce. Gara a nufi babban asibitin gwamnati ko kantin magani mai firij da ke aiki dare da rana, a ɗauko ta cikin ƙanƙara idan saye aka yi a waje.

Yanzu mu koma kan karen da samari suka kashe. Na fahimci fushinsu, kuma idan kare ya haukace yana bin mutane a kasuwa babu zaɓi sai a kawar da shi. Amma karen da aka sani, wanda za a iya kamawa ba tare da wani ya sake shan cizo ba, tsare shi ya fi amfani. Kare ko kyanwa ba sa fitar da ƙwayar a yawu sai daf da bayyanar alamu, daga nan kuma kwanakinsu ƙididdigaggu ne. Don haka ake tsare dabbar kwana goma, ana ba ta ci da sha, likitan dabbobi na duba ta. Idan kwana goma suka cika tana cikin ƙoshin lafiya, yawunta bai ɗauke da ciwon ba ranar da ta yi cizon. Ba a jira kwana goman kafin a fara allura, tare ake tafiya da su. Idan kuwa ta mutu ko an kashe ta, kada a fasa kan, kada a taɓa da hannu tsirara. Ma'aikatan dabbobi kan cire kan su sa a ƙanƙara su aika ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda take can tun 1924, inda ake duba ƙwaƙwalwar a tabbatar. Sakamakon nan shi ke nuna ko akwai wasu mutane da dabbobi a unguwar da ya kamata a nemo.

Inda ake tare ciwon

Allurar mutum tsohuwa ce. A ranar 6 ga Yulin 1885 Louis Pasteur na Faransa ya fara gwada ta a kan Joseph Meister, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya yi wa raunuka, kuma yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da ciwon ta duniya. Amma allurar mutum ceton wanda aka riga aka ciza kawai take yi. Ƙwayar na nan tana zagaye daga kare zuwa kare, gobe wani yaron za a kawo.

Masana sun daɗe da gano cewa mahaukacin kare, kafin ya mutu, karnuka kaɗan yake iya harba wa ciwon, galibi bai kai biyu ba a matsakaici. Saboda haka idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi, aka riƙa maimaitawa duk shekara, ƙwayar kan rasa inda za ta sauka har ta ƙare. An gani a aikace. Ƙasashen Latin Amurka sun fara gangamin yi wa karnuka allura tare tun 1983, mace-macen mutane ya ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Meziko cewa ta kawar da ciwon da ke zuwa wa mutane ta hanyar kare. Burin da hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka sa a gaba shi ne kada a ƙara rasa ko mutum ɗaya daga 2030. Ga mai ganin abin ya yi nisa, ya tuna da bushiya, annobar da ta riƙa share garken shanu a ƙasar nan tun zamanin kakanninmu. Allura ce ta ci ƙarfinta har aka ayyana ƙarewarta a duniya a 2011.

Kashe karnukan titi da guba kuwa, wanda hukumomi kan yi idan an yi ƙorafi, bai taɓa magance matsalar ba. Bola na nan, mayanka na nan, sai wasu karnukan su cike gurbin cikin 'yan watanni, kuma sababbin ba a san daga inda suka fito ba. Karen layi da aka yi wa allura, wanda ke korar baƙin karnuka daga yankinsa, katanga ce ga yaran layin.

Akwai kuma safara. Ana tattara karnuka daga ƙauyukan Arewa har da ƙetaren iyaka ana kai su kasuwanni irin ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, daga can a wuce da su inda ake cin namansu. Masu bincike a Nijeriya sun sha samun alamar ƙwayar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka suna kama da masu lafiya. Masu kamawa da masu lodi da mahauta duk suna cikin hatsari, kuma irinsu ne ya kamata su yi rigakafi tun kafin cizo, kamar yadda likitocin dabbobi ke yi.

Ga mai kare, abin ba shi da wuya. Allurar farko idan ɗan kwikwiyo ya cika wata uku, daga nan duk shekara, a karɓi kati mai kwanan wata da sa hannun likita. Kuɗinta bai kama ƙafar abin da za a kashe a kan mutum ɗaya da aka ciza ba. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma jihohi kan yi gangamin kyauta lokaci-lokaci, musamman a ƙarshen Satumba.

Sauran abin da ke kashe su

Mafi yawan 'yan kwikwiyon da ke mutuwa a hannun masu su ba hauka ke kashe su ba. Wani ciwo ne da likitoci ke kira fabo: kwikwiyo ɗan wata biyu zuwa shida ya daina cin abinci, ya fara amai, sai gudawa mai jini da wari mai tsanani, cikin kwana biyu ko uku ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayarsa na daɗewa watanni a ƙasa, takalmi ma na ɗauko ta daga waje. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayo kwikwiyo ya mutu, ya sake sayowa ya ajiye a keji ɗaya ya sake mutuwa, har ya fara zargin maƙwabta. A wanke wurin da ruwan bilic, a kuma yi haƙuri kafin a kawo wani. Rigakafinsa haɗe yake da na wasu cututtukan a allura ɗaya, ana farawa daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai kusan wata huɗu. Kafin a kammala, kada a bar shi yana cuɗanya da karnukan waje.

Tsutsar ciki kuwa da ita ake haifar yawancinsu, domin tana ratsawa daga uwa tun a ciki da kuma ta nono. Kwikwiyo mai ƙaton ciki da siraran ƙafafu da gashi a hargitse, tsutsa ce. Ana fara ba da magani tun yana mako biyu, babban kare kuma duk wata uku. Wannan ma ya shafi mutanen gida, don ƙwan tsutsar na cikin kashin kare a ƙasar da yara ke rarrafe. Akwai wata al'ada da nake so mahauta da masu layya su lura da ita: idan aka ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, sai a yanke a jefa wa kare. Ƙullin nan jaririyar wata tsutsa ce da ke girma a hanjin kare, ƙwanta ya fita a kashi, tumaki da raƙuma su ci a ciyawa, mutum ma ya haɗiya ta hannu ko ganyen da ba a wanke ba, bayan shekaru a ga ƙari mai ruwa a hantarsa. A binne irin wannan naman da zurfi ko a ƙona.

Kaska na yawaita da damina, tana laɓewa a kunne da tsakanin yatsu. Bayan shan jini, tana sa zazzaɓin da ke fasa ƙwayoyin jini. A ɗaga leɓen kare a duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne, idan ya yi fari fat ko rawaya, ko fitsari ya koma kalar shayi, a hanzarta. A nan ne kuma ake yin ɓarna da sunan magani. Na ga karen da aka yi wa wanka da fiya-fiya don kaska, cikin rabin sa'a yana kakkarwa yana kumfa. Na ga wanda aka shafe da baƙin mai don ƙazuwa, ya lashe, fatar ta ƙara lalacewa. Duka biyun akwai maganinsu na gaskiya a wajen likita, gwargwadon nauyin dabba. Haka magungunan ciwon jikinmu: ibuprofen da diclofenac na huda cikin kare su lalata masa ƙoda, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa. Shinkafar ɓera da aka cuɗa da kifi aka ajiye a bayan buhu ta kashe kuliyoyi da karnuka ba adadi, wasu ma ɓeran da ya ci gubar suka ci.

Abinci ba sai na gwangwani ba. Tuwo ko shinkafa da kai da ƙafar kaza, kifi, ƙwai, duk sun yi, muddin akwai nama a ciki. A kiyaye ragowar miya mai yawan albasa da tafarnuwa, don suna lalata jinin kare da kyanwa, haka cakulan da goro. Dafaffen ƙashin kaza na tsagewa ya soki hanji. Ruwa kuwa kada ya yanke, musamman daga Maris zuwa Mayu. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. A ɗauki kare mai kaurin gashi wanda asalinsa na ƙasar ƙanƙara ne, a kulle shi a ɗan akurki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura 40, wannan azaba ce, kuma tana kisa cikin sa'o'i. Wanda zai ajiye irin wannan kare ya fara tanadar masa inuwa da iska. Karen gida na gargajiya ya fi jure yanayinmu nesa ba kusa ba, shi ma dai yana bukatar allurarsa.

Kyanwa ta fi kare samun shiga a gidajenmu, tana kwana a ɗaki, tana hawa gado, amma da wuya ka ji wanda ya kai ta asibiti. Ita ma tana kamuwa da ciwon hauka, kuma yaƙushinta da cizonta na sa shi, don haka allurar wata uku da ta shekara-shekara ta hau kanta. Cin nama halittarta ce, tuwo da madara kaɗai ba sa riƙe ta, yawancin manyan kuliyoyi ma madara gudawa take sa su. Maganin kaskar kare, musamman mai sinadarin fametirin, guba ne gare ta. Mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, a kuma riƙa kwashewa kullum, saboda wata cuta da ke iya taɓa ɗan tayi. Ba sai an kori kyanwar ba. Maganar 'ya'ya kuma, cikin karya da na kyanwa kusan kwana 63 ne, shi ya sa ake wayar gari da kwali cike da jarirai a bakin bola. Likitan dabbobi na yin aikin da ke tsayar da haihuwa ga mace da namiji, dabba na barci ake yi, ba irin dandaƙar da ake yi a tsakar gida ba.

A layinmu, bayan wata biyu da kashe jan karen, wata baƙar karya ta gaje gindin mangwaron. A wannan karon malamin asibitin nan ya bi gida-gida, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, maigadi ya sa mata igiya, aka ɗauki Keke Napep aka kai ta asibitin dabbobi. Katin yana cikin leda a shagon bakin layi, a rataye kusa da kalanda, kuma allura ta gaba a watan Satumba take.